Kofunan Baƙi na Gidan Assunta

Shekara ashirin da shida Nunzia Tersigni ta yi tana tuƙa bas a Toronto, kuma duk direbobin layinta sun san ba a ja da ita. Idan fasinja ya toshe ƙofa ya ƙi matsawa, kashe mota take yi ta naɗe hannu, har sai sauran fasinjoji sun yi masa ca. To wannan matar ce, tana da shekara hamsin da huɗu, ta sayi jakar goyo ta je jami'a ta shiga ajin koyon Italiyanci na 'yan farko. Kada wani ya ce son ilimi ne ya kai ta. Kishi ne tsagwaronsa, kishin matar ƙaninta.

Uwarta Assunta ta zo ne tana amarya daga wani ƙauyen tsauni a kudu da Roma, ta ƙare ƙuruciyarta a kan keken ɗinki a masana'antar riguna. Da Nunzia ta shiga firamare, malama ta aiko da takarda cewa yarinyar ba ta gane komai a aji, a daina yi mata yaren gida. Assunta ta riƙe maganar kamar umarnin likita. Daga ranar ta koma yi wa 'ya'yanta gurgun Turancinta, Italiyanci kuwa sai tsakaninta da mijinta, sai coci, sai in ranta ya ɓaci. Nunzia ta tashi da sunayen abinci da zagi biyar ko shida, kuma abin bai taɓa damunta ba.

Sai tsufa ya zo da nasa. Bayan rasuwar mijinta, Turancin Assunta ya fara zubewa kaɗan-kaɗan har ya ƙare kaf. Likita ya ce haka ciwon mantuwa yake, harshen da aka koya daga baya shi ke fara tafiya. Aka wayi gari Nunzia tana zaune gaban uwarta ba ta gane ko rabin kalma. A duk dangin mutum ɗaya ke jin tsohuwar, wato Winnie matar Gaetano ƙanin Nunzia, wadda iyayenta mutanen Hong Kong ne. Ita ta karanta Italiyanci shekara huɗu a jami'a, har ta yi shekara guda a birnin Siena, can ƙasar su Assunta.

Abin da ya fi ci wa Nunzia rai shi ne, ran da Gaetano ya fara kawo Winnie gida, Assunta ko kallonta ba ta yi ba. Nunzia ce ta tsaya mata, ta yi faɗa da uwarta mako uku a kanta. Yanzu ga shi nan Winnie ta zama 'yar gida, ita kuwa da aka haifa a gidan sai an yi mata tafinta.

Ranar dafa tumatir ta ƙarshen Agusta abin ya kai mata wuya. An taru a gareji kamar kowace shekara, Gaetano yana juya injin markaɗe, Nunzia tana kan tukunya zufa na zuba. Assunta na kan kujera riƙe da hannun Winnie, tana ta zuba magana, tana nuna Nunzia da haɓa.

"Me ta ce?" in ji Nunzia.

"Ta ce ta ji daɗin ganinki, Yaya."

"Kullum ta ji daɗin ganina. Minti biyar tana magana, duk jin daɗin ganina ne?"

"Sauran labarin ƙauye ne."

"To ni ba jikar ƙauyen ba ce? Ko kakarki ce ta haƙa musu rijiya?"

Gaetano ya ce, "Haba Yaya, ki ƙyale ta mana."

"Kai juya injinka, ba da kai nake ba."

Ta tabbatar a ranta Winnie na ɓoye mata wani abu. Uwarta na aiko mata da magana, wata na tare hanya tana zaɓar abin da za ta ba ta. Ranar Litinin ta je ta yi rajista.

Ajin cike yake da 'yan shekara sha tara, har wasu suka yi tsit da ta shigo, sun ɗauka ita ce malamar. Darasin farko kowa ya tashi ya gabatar da kansa: sunana wane, ina zaune wuri kaza, sana'ata kaza, sunan mahaifiyata wance. Mako uku ana abu ɗaya. Nunzia ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ni fa na san sunana. Ki koya min yadda zan gane in ana gulmata." Aji ya fashe da dariya, ita kuwa ba wasa take ba.

Karatun ya ba ta wuya, gaskiya. Jarrabawar farko da ƙyar ta sha. Winnie ta kawo mata tsofaffin littattafanta a leda, Nunzia ta yi godiya a daƙile, ta jefa su bayan mota ba ta ko buɗe ba. Da ta koya daga hannun Winnie gara ta faɗi. Ta rubuta kalmomi a ƙananan katuna, in ta kai ƙarshen layi ta kashe mota tana bita. Duk tsohon Ba'italiyen da ya shigo da jakar cefane ya shiga uku, sai ya yi mata hira har inda zai sauka, tana tsare shi ya maimaita a hankali. A gida kuma ta yi lamɓo. In an tambaye ta karatu sai ta ce kanta ya tsufa, ba abin da ke shiga. So take ta kama Winnie dumu-dumu.

Wata Lahadi a watan Afrilu, bayan an gama cin taliyar rana, Nunzia ta fito daga kicin da butar kofi. Assunta na bakin taga. Ta ja hannun rigar Winnie ta yi magana ƙasa-ƙasa, kuma a karon farko Nunzia ta ji kowace kalma tar.

"Winnie, wace ce wannan matar? Kullum sai ta zo, ta ci abincinmu, ta yi ta kallona. Gwamnati ce ta turo ta?"

Winnie ta juyo da murmushinta na kullum. "Ta ce ta ji daɗin ganinki, Yaya."

Nunzia ta ajiye butar. "Na ji abin da ta ce. Tun yaushe?"

Winnie ta sunkuyar da kai. "Tun kafin tumatir. An fi shekara."

"Amma ke ta san sunanki."

"Ni nake yi mata magana da abin da ya rage mata, shi ke nan. Wallahi ba don ta fi sona ba ne."

Wata bakwai Nunzia ta yi tana tanadin abin da za ta faɗa a wannan rana, yanzu ba ko ɗaya da zai yi amfani. Kishin kuma bai tafi ba, ƙaruwa ma ya yi. Da Winnie maƙaryaciyar banza ce da ta ji sauƙi. Ga ta nan ta yi shekara tana rufa mata asiri, kuma har yanzu sunanta ne a bakin Mama.

Nunzia ta durƙusa gaban kujerar uwarta. Duk kalmomin katunanta suka gudu, ba abin da ya rage mata sai darasin da ta raina. Ta faɗe shi da Italiyanci, a hankali, kamar a gaban aji.

"Sunana Nunzia. Ina zaune a Toronto. Ni direba ce. Sunan mahaifiyata Assunta."

Fuskar tsohuwar ta washe. "Ashe tamu ce. Ki ga ikon Allah, ni ma Assunta nake, kuma ina da 'ya mai sunanki. Tana makaranta, yanzu za ta dawo. Ita ba ta jin yarenmu, ni na hana ta, don kada a yi mata dariya. Kai gare ta, yarinyar nan. Za ta yi nisa." Ta dafa kuncin Nunzia. "Wa ya koya miki magana mai kyau haka? Uwarki ta kyauta."

Nunzia ta ce, "Na gode."

Assunta ta daka wa Winnie tsawa, wai ta tsaya tana kallo ga baƙuwa a durƙushe, ta je ta ɗauko kofuna masu bakin zinariya. A cikin kabad ɗin gilashi suke tun zuwanta ƙasar, na limamin coci ne da manyan baƙi, kuma sau biyu Nunzia na shan duka a kansu tana yarinya don ta taɓa.

Winnie ta kawo, ta matso za ta zauna kusa da tsohuwar kamar kullum. Nunzia ta tare kujerar da ƙafa.

"Koma can. Yau ba a bukatar tafinta."

Ta zauna, ta karɓi kofin da hannu biyu, uwarta kuma ta tambaye ta ko tana da 'ya'ya.