Ƙarfen da ya faɗo a gonar Baba

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba na jin zai iya ɗauke makon da ƙarfe ya faɗo daga sama a gonar mahaifina. Lokacin ina koyar da kimiyya a wata makaranta a Dogon Dutsi, ina saurayi, kowa na kira na mushe, wato malamin boko, kaina kuwa ya kumbura, gani nake babu tambayar da za ta kayar da ni. Baba yana ƙauyenmu kusa da Guéchémé. Shi ne ladanin masallaci tun ban san kaina ba.

Bayan kaka ne, Fulani sun dawo da shanu. Ardonsu ya kai ƙara gun maigari cewa gonar Baba ta ci burtali, har shanu ba sa iya wucewa sai sun taka gona. Gamba ce iyaka a wajenmu, inda layinta ya tsaya nan gona ta tsaya. Aka tara mutane, Baba ya tashi ya ce gambar tana nan inda ubansa ya dasa ta, in kuwa ya matsar da ita, aradu ta faɗa masa. Wanda ya san Arewar Dogon Dutsi ya san ba a wasa da wannan rantsuwa. Ardo ya saɓa sandarsa ya tafi.

Ba a yi kwana goma ba. Ran nan da la'asar, sama garau babu ko ɗigon hadari, aka ji wata ƙara da ta sa jakuna tsinke igiya. Abu ya faɗo, kuma duk faɗin ƙasar Allah bai sami wurin sauka ba sai gonar Baba, dab da burtalin. Ƙanwata ta kira ni a waya tana kuka. Kafin kabu-kabu ya sauke ni washegari, gari ya riga ya yanke hukunci. Zauren Baba da ke cika da masu gaisuwa babu kowa, wani aka sa ya kira sallar asuba, Inna ta kasa ko leƙa ƙofar gida. 'Yan bori sun ce kada wanda ya taɓa abin sai sun zo sun yi masa abin da ake yi wa duk abin da aradu ta taɓa. Wallahi raina ya ɓaci, ban ko sha ruwa ba na nufi gonar.

Abin da na tarar tulu ne na ƙarfe, ya kai girman randa, baƙi ƙirin, an naɗe shi da wasu zaruruwa da suka babbake. Yana da wuya mai zaren noti, ga sauran lambobi a jiki. Da na ga lambobin sai da na zauna a ƙasa don sanyin zuciya. Aradu ba ta rubuta lamba.

Na roƙi maigari ya tara mutane, na tsaya kamar ina gaban aji. Na ce musu wannan guntun roka ne, irin wadda ake harba tauraron ɗan Adam da ita. Roka hawa-hawa ake ƙera ta. Hawan ƙasa shi ke da manyan injuna, shi ke ɗaga nauyin duka, in mansa ya kusa ƙarewa sai ya rabu da sauran. A da yar da shi ake yi, yanzu akwai masu juyowa su sauko a tsaye bisa ƙafafunsu, a duba su, a zuba musu mai su sake tashi. Hawan sama shi ke ci gaba da kayan. Wani tsoho ya tambaye ni mi ke riƙe shi can bai faɗo ba. Na ce ba tsawo ke riƙe shi ba, gudu ne. Roka ba miƙewa take yi sama ɗoɗar ba, in ta wuce iska mai kauri sai ta kwanta ta sheƙa a gicciye, har gudun ya kai ƙasa na jawo ta tana kewaya ƙasar, kamar dutse a majajjawa. In ta ajiye tauraron, aikinta ya ƙare, gudun ya riƙa raguwa a hankali har ta rufto ta ƙone a hanya. Tulun iskar gas ne mai taurin kai, shi ke tsira.

Na nuna musu bidiyo a wayata, roka na saukowa da wuta a gindinta ta tsaya cak. Wayar ta zaga hannu-hannu, ana salati. Sai limamin garin ya ce to, duk duniya mi ya sa sai gonar mai rantsuwa? Na ce ai dole ya faɗo wani wuri, da ya makara da ƙiftawar ido da sai dai a ji labarinsa a wata ƙasa. Da yamma jandarmomi suka zo suka ɗauke tulun, babbansu ya faɗi abin da na faɗa. Kafin magariba zauren Baba ya cika, masu ba da haƙuri har da waɗanda suka fi kowa baki jiya. Ni kuwa sai tafiya nake ina jin kaina, na wanke ubana da ilimin boko.



Washegari da hantsi Baba ya ce in ɗauko fartanya in biyo shi. Muka je bakin burtali, ya daɗe yana kallon layin gambar, sannan ya taka taki huɗu zuwa cikin gona ya dangwala sandarsa.

“Nan ubana ya dasa ta,” ya ce. “Ni na matsar da ita, damina ukku ke nan.”

Na ce Baba, ai magana ta mutu, kowa ya yarda ƙarfe ne, ka bari mu mayar da ita a hankali ba wanda ya sani. Har yau ina jin kunyar wannan magana da ta fito daga bakina.

“Na ji bayaninka, ɗana, kuma na yarda. Mutane suka ƙera shi, ba don ni ya faɗo ba. Amma tun ran da na rantse ban yi barci ba, kuma lokacin babu abin da ya faɗo. Kai ka wanke ni gaban mutane. Gaban Allah fa?”

Muka tone gambar gindi-gindi muka mayar, ina haƙa hawaye na zuba. Daga nan ya wuce ruga shi kaɗai. Ban san abin da suka ce da Ardo ba, na dai hango su tsugune a inuwa sun daɗe. Bayan azahar ya tashi a masallaci ya faɗa wa jama'a da bakinsa. Ba wanda ya tsige shi, shi ya ajiye ladanci. Shekara shida ya ƙara a duniya, a sahun baya yake salla, ban sake jin muryarsa a kiran salla ba. Ranar jana'izarsa Ardo na cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Har gobe ina koya wa ɗalibai yadda roka ke tashi, kuma duk abin da na faɗa a ƙofar maigari gaskiya ne, ba zan janye ko ɗaya ba. Sai dai na koyi cewa mutum na iya faɗin gaskiya tsantsa ya rufe ƙarya da ita, bai ma sani ba. Ilimina ya kare sunan Baba na kwana ɗaya. Shi ya zaɓi ya rasa sunan ya kwanta da zuciya wankakkiya, kuma ban taɓa alfahari da shi ba kamar ranar da na gan shi ya koma sahun baya.