Kogin da Kakata Ta Samo a Waziriyya

Shekarun baya, ina sakandare, kakata ta baro ƙauyenmu na bakin Nilu a Sudan ta zo Umra, ta zauna da mu a unguwar Waziriyya, a Jidda. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, don haka ko ƙofar gida ba ma barin ta ta leƙa ita kaɗai.

Wata rana ta tarar ina haddar darasi saboda jarrabawa: mutanen dā sun kafa garuruwa a bakin kogi saboda ruwan sha, da ƙasa mai albarka, da hanyar jirgin ruwa. Na karanta mata ina ɗaga kai, sai ka ce ni na haƙa kogin.

Ta ce, "Iyakar abin da littafin ya sani ke nan? Bai ce kogi yana kiran mutanensa ba?"

A lokacin yayata ta haifi ɗa namiji. A garinsu Kaka, ranar arba'in maijego takan je kogi ta wanke fuska, a jefa dabino a ruwa. Kaka ta nace sai an yi.

Mahaifina ya ce, "Inna, Jidda ba kogi. Halas, shi ke nan, mu je bakin teku a Abhur."

Muka je. Ta ɗanɗana ruwan tekun, ta tofar. "Wannan bai san kowa ba."

Washegari da azahar muka neme ta muka rasa. Mahaifiyata tana ta salati, tana cewa in 'yan sanda suka riga mu ganin ta, mayar da ita za a yi, can kuma ba ta da kowa.

Ni na same ta, a cikin babbar magudanar siminti ta bayan unguwa, busasshiya ƙamas, rana na dukan ta. Tana durƙushe, tana jefa dabino ɗaya bayan ɗaya.

"Kaka, yalla, mu tafi gida."

"Yi a hankali, 'yar nan. Kogin yana nan ƙasa. Ya karɓi yaron."

Na kama hannunta, na ji shi sanyi ƙalau. Bakin zanenta a jiƙe yake, yana ƙamshin laka. Na duba simintin, ban ga dabino ko ɗaya ba.

Mun dawo lafiya, ba wanda ya tare mu. Daga baya na ji tsofaffin unguwa suna cewa tsohuwar hanyar ruwa ce aka yi gini a kanta. Na ci jarrabawar da amsar littafi. Amma har yau, in na zo wucewa ta kan magudanar nan, nakan ji kaina ina yin sallama ƙasa-ƙasa.