Sunan da gardin kulob ya nema

"Baba, wa ya gayyace ka?" in ji gardi, ya tare ƙofa da hannu.

Jiya ke nan a Yamai, bakin gidan cin abinci na tsohon kulob ɗin Turawa, inda ba a shiga sai an faɗi sunan mai gayya. Babban yarona anka ƙara wa girma wurin aiki, ya aiko min mota har garinmu Deule. Yana ciki da manyanshi, direba ya aje ni ya wuce.

Na ce, "Yaron wajena ne."

"Sunanshi?"

Ɗan fari ne. Tun randa anka raɗa mishi suna bakina bai taɓa kama shi ba, haka na iske iyayena. Ubana ya ɗauki duwatsun ginin ga bisa kai zamanin aikin dole, bai taɓa taka ciki ba. Ni ma daga ƙofa zan koma, yaro na duban hanya gaban mutane?

Sai wata mai raba abinci ta tsaya, Hausarta ta Keita.

"Haba gardi, kai ba ka da uba? Baba, na fari ne ko?"

Ta shiga jero sunayen masu teburan ciki. Da ta zo kan nashi, na duƙar da kai.

"Shi ne," in ji ta. "Gardi, buɗe mishi."

Na shiga na zauna teburin yaron, an kawo kifi, ga cokula jere.

Da ba ta biyo ba, faɗi zan yi ko juyawa? Wallahi har yanzu ban sani ba. Ku masu ɗiyan fari, mi za ku yi?