Ranar da Na Canza wa Akori-Kurar Baba Bawul

Wata safiyar Asabar a ƙarshen damuna, shekarar da nake aji shida a firamare, na dawo daga ɗebo ruwa na tarar da Baba a ƙofar gidanmu a Haɗeja, tsaye gaban tsohuwar akori-kurarsa, hannunsa na dama naɗe da bandeji. Lauje ne ya yanke shi wajen girbi. Motar sai karkarwa take yi tana fitar da shuɗin hayaƙi, baƙin mai yana tsattsafowa ta gefen inji. Can a fadama, wajen Kirikasamma, shinkafarmu na jibge dami-dami, ruwan kogi kuwa kullum sai ƙara matsowa yake yi. In ba a kwaso ta ranar ba, abincin shekara ya bi ruwa.

Mu 'ya'yan gidan duka mata ne, ni ce babba. Daka da shara da korar tsuntsaye a gona su na sani, da yamma kuma mu yi carafke a zaure. Baba ya kashe motar, ya dube ni ya ce, "Hadiza, sauke tulun nan. Yau ke ce hannuna." Inna ta miƙo min tsohuwar rigarsa don kada in ɓata kayana.

Da injin ya huce, na kife turmi na hau don hannuna ya kai gare shi. Baba ya ce inji ma numfashi yake yi: akwai ɗan bawul da tururin mai ke bi ya fita daga cikinsa ya koma kafireto, in ya toshe sai mai ya nemi hanya ta ko'ina. Shi kansa bai taɓa cire shi ba, don haka tare muka yi laluben. Na bi wani tiyo da yatsu, ashe na burki ne. Na bi na biyu, ya kai ni bayan murfin inji, inda na taɓo wani abu kamar babban yatsa, cushe cikin zoben roba, datti ya rufe shi. Na sassauta maɗaurin tiyon da filaya, na yi ta murɗawa har tafin hannuna ya yi ja, sannan ya fito. Baba ya ce in girgiza shi kusa da kunnena. Shiru. "Mai lafiya ƙara yake yi, kamar tsakuwa a gwangwani," in ji shi.

Maƙwabcinmu Malam Bulus, malamin makaranta ɗan Filato, yana da irin motar, ta daɗe a kan duwatsu har kaji na ƙwai a cikinta. Ni kaɗai na je, ya buɗe min bonet, na ciro bawul ɗinta ba tare da kowa ya nuna min wurin ba. Na girgiza, ya amsa. Na wanke shi da fetur, na danna shi cikin zoben motarmu, na mayar da tiyo na ɗaure. Da aka tayar, injin ya daidaita, hayaƙin ya riƙa raguwa.

Malam Bulus ne ya tuƙa mu. Mun iske ruwa ya fara taɓa damman ƙasa, muka yi ta lodi har la'asar sakaliya. Duk wanda ya yi wa Baba barka, sai ya nuna ni ya ce, "'Yata ce ta gyara." Ranar Litinin na je makaranta da baƙi a farce, kuma da gangan na ƙi gogewa.

Yanzu motoci an rufe injinsu da roba, na'ura ake jona musu ta faɗi ciwonsu, 'ya'yana ko bonet ba su taɓa ɗagawa ba. Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, fadamar ma ta koma hannun wasu. An yabe ni sau da yawa tun daga nan, amma ban ƙara jin yabo mai daɗin nasa ba.