Imel ɗin Irene

Shekara ashirin da shida Mama Zipora ta yi tana tsaga citta a Kagoma. Ita ta tara matan unguwa su goma sha tara suka zama ƙungiya, ita ce kuma shugaba tun ranar farko. Karatunta bai yi nisa ba, amma ko a barci ta san buhu nawa kowace mace ta shanya. Burinta ɗaya ne, masu saye daga Legas su riƙa kiranta kai tsaye, ba ta bakin dillalai ba.

Da ta ji shafin intanet zai yi mata wannan, sai ta hau mashin zuwa Kafanchan, ta zaga kamfani uku na masu yin shafi a yini ɗaya. Na farko suka bar ta a benci minti arba'in. Na biyu suka ce ta turo ɗanta su yi magana da shi. A na uku kuwa, Boaz mai kamfanin ya miƙe, ya rusuna, ya tambayi gajiya da mutanen gida. Shi ta zaɓa, ko aikinsa na baya ba ta duba ba.

Ranar cika takarda Boaz ya ce sai da imel. Mama Zipora ba ta da shi. Irene, matar ɗan ƙaninta, wadda watanta bakwai kacal a ƙungiyar, ta ce a sa nata, ai duk ɗaya ne. Aka sa, har da lambar wayar Irene.

Sati biyar shafi ya fito, da hoto talatin da huɗu. Aka yi addu'ar godiya a coci. Wata biyu Mama Zipora na ɗaure da waya a bakin zane, ba wanda ya kira. A ƙofar Irene kuwa mota uku ta yi lodi, mata goma sha ɗaya sun koma kai mata kaya.

Mama Zipora ta koma wurin Boaz. Ya sake rusunawa, ya ce a takarda mai imel ita ce mai shafi, sai in Irene ta yarda a canza.

Ta sami Irene tana ɗinke bakin buhu.

"Irene, ki maido mini shafina."

"Haba Mama. Ko na ba ki, kin san inda ake dannawa?" Ta ciji zare ta tofar. "Ki kawo kayanki ran Laraba, zan karɓa. Amma ya bushe sosai fa, mutanena ba su son danshi."

Ran Laraba Mama Zipora ta kawo buhu huɗu, ta shiga layi. Mata takwas ne a gabanta.