Rijiya Mai Lamba Bakwai

Shekaru kaɗan bayan sojoji sun koma bariki, wani malamin jami'a ya zo garinmu a Ɗankaza da ɗalibansa. Suka ɗebi ruwan rijiyoyinmu a kwalabe, suka rubuta wa kowace rijiya lamba da jan fenti. Tamu ce ta bakwai.

Da ƙanwata ta fara ciwon ciki, Inna ta ce, "Ke da kika yi sakandare, je ki Wudil ki tambayo mana abin da suka gani."

Da na isa jami'ar, na tarar malamin ya tafi ƙaro karatu ƙasar waje. Abokin aikinsa ya zaunar da ni, ya buɗe kwamfuta, ya ce ai an buga binciken a wata mujalla. 'Yan layukan farko kawai suka fito. Na karanta da ɗan turancina: wasu daga cikin rijiyoyin ba su dace da sha ba.

Na ce, "Malam, waɗanne? Har da bakwai?"

Ya ce, "Lambobin suna ciki, 'yata, amma an kulle. Sai wanda ya biya da kuɗin waje. Wallahi ni ma ba na iya buɗewa."

Ruwanmu ne fa, daga bakin ƙofarmu aka ɗebe shi.

Da na dawo, Inna ta tare ni tun daga zaure. Na ce mata ba su gama ba tukuna. Har yau in na zura guga, ba na iya kallon jan fentin nan, kuma in ƙanwata ta miƙo kofi, ruwan nan dai nake zuba mata.