Ɗan Dako Bai Yi Kuskure Ba

Da sikila aka haife ni. Ƙannena biyu ita ta kashe su, ni ta bar ni. Bayan an binne na biyun, dangin ubana suka ce jinin uwata ne, aka haɗa mata kayanta aka mayar da ita Rijau wurin yayanta. Ina tsaye a ƙofar gida motar ta tashi. An hana ni binta, wai iskar hanya za ta tayar mini da ciwo.

A hannun Gwaggo, yayar Baba, na girma. Ba a sa ni boko ba, ba a ba ni fartanya ba. Wanda ake jiran mutuwarsa ba a ɓata masa lokaci. Da na ga mutuwar ta ƙi zuwa, sai na tafi kasuwar hatsi ta garinmu Kontagora na koyi ɗinkin bakin buhu. Aikin zaune ne, basilla da zare. Idan motocin Salka da Bangi suka sauke masara da wake, ni nake ɗinkewa, in sa wa kowane buhu alamar mai shi da fenti. Wani zobe ne, wani ƙafar kaza, wani layi uku. 'Yan dako ba sa buɗe buhu. Alama suke dubawa, su ɗauka, su kai motar da ta dace.

Wata damina ciwon ya kayar da ni sosai, har aka kwantar da ni asibiti aka yi mini ƙarin jini. Matar da ke ɗibar jini Banufiya ce, Hausarta da ɗan karkata, bakinta ba ya hutawa. Na gaji da surutunta na ce, "Malama, ki faɗa mini abu ɗaya. Me ya lalace a jikina?"

Ta ce, "Ashe kana magana. Na ɗauka kurma aka kawo mana. Me kake yi a gari?"

Na faɗa mata. Ta ajiye allurar ta jawo kujera.

Ta ce jikin mutum ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, kuma a kowane ɗaki akwai saƙon da aka gada, ana karanta shi baƙi uku-uku. Akwai wasu 'yan dako a ciki. Kowanne yana da nasa baƙi uku a ƙafa, da kaya guda ɗaya a ka. Inda baƙin ƙafarsa ya dace da na saƙon, nan yake tsayawa ya sauke. Na gaba ya zo ya sauke nasa, a yi ta haɗawa kamar ana zura tasbaha, har a gama abin da ke sa jini ja yana kai iska ko'ina a jiki. A nawa saƙon, baƙi ɗaya ya sauya. Sai wani ɗan dakon daban ya zo wurin, ya sauke kayan da ba na nan ba. Wannan guda ɗayan ke lanƙwasa ƙwayar jinina kamar lauje, ta maƙale a jijiya, ni kuma in yi ta birgima.

Na ce, "To ɗan dakon ne ya yi kuskure."

Ta ce, "Idan ka sa ƙafar kaza a buhun mai zobe, wa za a zaga?"

Na ce, "Mai fenti." Sannan na tambaye ta wanda ya ba ni saƙon. Ta ɗaga yatsu biyu. Ta ce ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Da guda ɗaya na samu, da ina yawona lafiya kamar iyayena, ban ma san ina da shi ba.

Da aka sallame ni ban wuce ɗakina ba. Na sami Baba a zaure da hantsi, Gwaggo na gefe tana ɓarar gyaɗa. Na gaishe su, na faɗa musu yadda aka faɗa mini.

Gwaggo ta ce, "Ka ji likita. Ko sunansa bai iya rubutawa ba."

Na ce, "Ban iya ba, Gwaggo. Amma na iya ƙirga biyu."

Baba ya ce, "A gidanmu babu wannan cuta."

Na ce, "Akwai, Baba. Ga ni."

Ya tashi ya shiga ciki. Har ya rasu bai sake tayar da maganar ba, bai kuma aika Rijau ba. Ban roƙe shi ba. Ba izini na je nema ba.

Ranar kasuwa ta gaba na bar basillata na hau motar Rijau. Na sami Inna tana shanya kuɓewa a bayan ɗaki, ta rame, gashinta ya yi fari. Abin da ban sani ba shi ne ita ma ta yarda da maganar dangin Baba. Duk shekarun nan tana zaune ne a kan ita ta kashe 'ya'yanta. Ko lokacin da nake zuwa gaishe ta da salla ba ta taɓa faɗa ba, sai dai ta yi ta kallon idona ko ya yi rawaya.

Na zauna a kan turmi na yi mata bayanin 'yan dakon, da buhu da fenti, yadda na iya. Ta saurara har ƙarshe.

Ta ce, "Rabi dai nawa ne."

Na ce, "Rabi naki ne, Inna, kuma ba ke kika sa alamar ba. Ke ma haka aka miƙo miki. Tashi ki haɗa kayanki."

Ta ce mutane za su yi magana. Na ce sun yi ta sun gama, ba ta kashe ni ba.

Har yanzu ina Kontagora, a rumfata ta kasuwar hatsi, furfura ta fara fito mini. Ciwon yana zuwa duk damina, ya kayar da ni, in tashi. Inna tana ɗakin da ke jikin nawa, kuma ta ƙofar gidan da aka fitar da ita take shiga da fita.